PSP na hannu, ɗan gem ɗin China, ko wayarka kawai? Shawara ga magidancin da ke son komawa tsofaffin gem

Wani abokina da muka taso layi ɗaya, yanzu magidanci ne da 'ya'ya uku, ya turo min hoton wani ɗan gem mai kama da Game Boy da ya ga ana talla, wai an zuba masa wasanni dubu 15, yace dan Allah in faɗa masa gaskiya ya saya ko kuwa ya nemi PSP na hannu, ƙaramin PlayStation ɗin nan na aljihu, wanda tun muna sakandare yake burin mallaka Allah bai yi ba. Na fara ba shi amsa a waya sai naga maganar tana ta tsawo, shi ne nace bari kawai in zauna in rubuta ta gaba ɗaya, dan na san mu da yawa ne, mu da muka yi zamanin gem mai kaset ɗin nan rawaya da ake haɗawa da talbijin, da Sega, da gidan gem inda ake biya a buga Winning Eleven wanda aka ci ya miƙa hannu, yanzu kuma girma ya zo amma abin bai fita daga rai ba. Kuma babu wani abin kunya a ciki, yadda wani yake hutawa da dara ko lido ko kallon bal haka wani yake hutawa da Contra.

Kafin maganar na'ura, akwai abin da na tambaye shi, kuma kai ma shi zan tambaye ka: wane wasa ne takamaimai kake marmari, sannan minti nawa kake da shi a rana? Dan wallahi nan ne mutane suke ɓata kuɗi. Lokacin muna yara lokaci ne da mu kamar ƙasa, kuɗi ne babu. Yanzu ko ka samu kuɗin sayen abin, lokacinka minti 15 ne bayan isha'i kafin barci ya ɗauke ka, ko zaman jira a layin asibiti, ko cikin mota hanyar Kano zuwa Kaduna. Duk na'urar da ba za ka iya kunna ta ka ci gaba daga inda ka tsaya cikin daƙiƙa kaɗan ba, ka kuma ajiye ta nan take in an kira salla ko yaro ya fara kuka, to komai kyanta durowa za ta ƙare. Da wannan ma'aunin nake auna duk abin da zan lissafo.

Mu fara da abin da ke aljihunka. Waya. Duk wanda ya san matasan nan ya san PPSSPP, manhajar nan da ke sa waya ta buga wasannin PSP, wani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Henrik Rydgård ne ya fito da ita a 2012 kuma kyauta ce. Yaran unguwa suna ta tura wa juna God of War da PES a kanta, shi PES ɗin ma na ƙarshe da ya fito a PSP na 2014 ne, masu gyara ne suke ta canja masa 'yan wasa da riguna duk shekara suna sa masa sabon suna. Bayan ita akwai RetroArch da ke haɗa Sega da Nintendo da Game Boy wuri ɗaya, akwai DuckStation na PS1, masu iPhone ma tun Afrilun 2024 da Apple ya sassauta dokarsa suka samu manhajar Delta mai buga tsofaffin wasannin Nintendo a hukumance. Kaga kenan ba sai ka kashe ko sisi ba, Tecno ko Infinix matsakaiciya ta ishe ka yawancin wasannin PSP, kuma hoton ma yafi fitowa tas a waya fiye da kan PSP ɗin kansa saboda ana iya ɗaga ƙarfin hoton ninki biyu ko uku.

Matsalar waya biyu ce kuma duka manya ne. Ta farko gilashi ba madanni ba ne, yatsanka baya jin inda yake, ka gwada fitar da wani bugu a Tekken 3 ko tsalle mai wuya a Mario da shafa gilashi kaji yadda rai yake ɓaci. Wannan tana da magani, ka sayi hannun gem mai Bluetooth, na PS4 ma yana yi in kana da shi, ko irin na 8BitDo da GameSir, akwai wanda ake ware shi a maƙala wayar a tsakiya ta koma kamar PSP babba. Masu arha sosai dai wani lokacin sai ka danna a ɗan jima kafin ɗan wasan ya motsa, a wasan faɗa wannan ɗan jinkirin ya isa a kashe ka. Ta biyu ita ce bata da magani: waya ce. Kana tsakiyar wasa kira zai shigo, saƙon gurup ɗin 'yan uwa zai faɗo, kace bari in duba kawai shikenan minti 15 ɗin naka ya tafi a TikTok. Ga cin caji, ga zafi, kuma a garin da za a iya ɗauke wuta tun safe har dare mutum baya son ya ƙarar da batirin wayar da yake neman abinci da ita a kan gem. Duk da haka shawarata ta farko ga kowa ita ce ya yi sati biyu yana bugawa a waya tukuna. In bayan sati biyu har yanzu kana neman lokacin bugawa to da gaske kake, sai a yi maganar kashe kuɗi. In kuma ka manta da shi, ka ga ka tsira da kuɗinka.

Sai asalin tsofaffin na'urorin, wato ka nemo PSP ko Game Boy Advance ko DS na hannu. Nan ne zuciya take rinjayar lissafi, kuma na fahimta, riƙe ainihin abin da ka yi ta leƙe a hannun ɗan masu kuɗin ajinku wani daɗi ne daban. PSP ya fito a Japan ƙarshen 2004, sauran duniya 2005, fuskarsa inci 4.3, kuma har yau in ka riƙe shi zaka ji an ƙera abu. Kala uku ne aka fi samu, 1000 mai kauri da nauyi, 2000 na 2007 da 3000 na 2008 waɗanda suka fi sirantaka, in zaka saya ɗauki ɗaya daga cikin biyun ƙarshen. Yana da wani abu da ya dace da magidanci sosai, in ka ɗan tura makunnin sama sai ya yi barci, ka dawo ka tura ya farka daidai inda ka bari. Yana kuma buga wasannin PS1 lafiya lau. Amma fa ka tuna abu ne mai kusan shekara 20, batiransu na asali yawanci sun kumbura har sukan ture murfin baya, waɗanda ake sayarwa sabbi kuma da yawa ba sa riƙe caji yadda aka rubuta a jikinsu. Faifansa na UMD samunsa aiki ne, memorinsa ma ba irin na waya ba ne, Memory Stick Pro Duo ake ce masa, sai dai ka sayi 'yar adafta da ake zura ƙaramin memori a ciki. Ɗan analog ɗinsa, wanda ake murzawa da babban yatsa a tafiyar da ɗan wasa, guda ɗaya ne kuma shi ne yake fara lalacewa, sai kaga ɗan wasa yana tafiya shi kaɗai ba ka taɓa komai ba. In zaka saya a kasuwar waya irin Farm Centre ko wajen wani a intanet, kar ka biya sai ka buɗe murfin batir ka gani da idonka, ka danna kowane madanni har L da R, ka jona caja kaga tana kamawa ba sai an karkata ta ba, ka kuma duba fuskar a farin hoto ko akwai tabo.

Ɓangaren Nintendo kuwa, Game Boy na farko na 1989 da Game Boy Advance na 2001 fuskarsu bata da haske ko kaɗan, sai ka nemi fitila ko bakin taga, idon ɗan shekara 12 ya jure wannan amma idon ɗan shekara 40 da ya wuni yana kallon kwamfuta ba zai jure ba. Wanda ya fi dacewa shi ne Game Boy Advance SP mai naɗewa na 2003, musamman samfurin AGS-101 da ya biyo baya a 2005 mai haske sosai, yana cin kaset ɗin Game Boy da Color da Advance duka, sai dai bashi da ramin iyafis kuma cajarsa ta daban ce, shi da DS na farko kawai suke amfani da ita, in ta ɓata ka shiga nema. DS Lite na 2006 shi ma yana da ramin kaset ɗin Advance a ƙasa, amma baya karɓar na tsohon Game Boy. Babbar damuwar duk waɗannan kaset ne. Na gaskiya sun yi tsada saboda masu tara kayan tarihi a Amurka da Turai sun ɗaga farashin, jabu sun cika kasuwa musamman na Pokémon, tsofaffin kuma akwai ɗan batir kamar na agogo a cikinsu wanda shi ke riƙe sebin ɗinka, wato ajiyar inda ka tsaya a wasa, ranar da ya mutu duk wahalar da ka sha ta tafi. Sannan wasannin wancan zamanin ba ko'ina suke bari ka yi sebin ba, wani sai ka kai wani wuri na musamman, wani ma babu sebin sam. Toh in an kira ka aiki fa? Shi yasa nake cewa asalin na'ura ta mai son abin ce a matsayin kaya, wanda gyaran da neman kayan ma daɗi yake masa. Mai son ya buga wasa kawai ya huta, akwai hanya mafi sauƙi.

Hanyar ita ce waɗannan ƙananan na China da abokina ya gani, kuma nan zan daɗe dan nan ruɗanin yake. Su ba wani sihiri ba ne, 'yar kwamfuta ce mai Linux a ciki da manhajojin da ke kwaikwayon tsofaffin na'urori, an sa mata madannai na gaske da fuska mai kyau. Sunayen da zaka fi ji su ne Miyoo Mini Plus, da dangin Anbernic RG35XX, da R36S. Dukkansu fuskar inci 3.5 ce, 640 da 480, wato siffar tsohuwar talbijin mai ƙeya, shi yasa Sega da Super Nintendo da PS1 suke cika fuskar daidai babu miƙewa. Cajinsu yana kai awa biyar zuwa shida, fawa bank ma yana caja su. Abin da ya fi komai a wurina shi ne kana iya daskarar da wasa a duk inda kake, ko tsakiyar tsalle ne, ka dawo gobe ka ci gaba. Wasan da ya gagare ka kana yaro saboda rayuka uku kacal aka baka ko saboda NEPA ta ɗauke wuta kana matakin ƙarshe, yanzu zaka iya gama shi kaɗan kaɗan cikin sati. Ni ranar da na ga ƙarshen Streets of Rage 2 bayan sama da shekara 20 da fara buga shi sai da na ɗan yi shiru ina kallon sunayen suna wucewa.

A tsakaninsu fa? Miyoo Mini Plus shi ne ya fi shiga aljihun kaftani, kuɗinsa wajen dala 60, bashi da analog, iyakarsa PS1. Ƙarfinsa yana wajen wata manhaja da masu sha'awa suka rubuta masa kyauta mai suna OnionOS, in ka sa ta, ka danna makunni zai yi sebin da kansa ya mutu, ka kunna ya mayar da kai cikin wasan kai tsaye, kuma da danna madanni ɗaya zaka iya tsallakawa tsakanin wasannin da ka buga kwanan nan. Ga mai minti 15 ban ga kamarsa ba. Aibinsa ƙanƙanta, in hannunka babba ne bayan rabin awa yatsu za su fara tsami, madannan baya kuma a matse suke, sannan baya haɗuwa da talbijin. Anbernic RG35XX H shi a kwance yake kamar PSP, yafi daɗin riƙo, yana da analog biyu, yana da Bluetooth da ramin HDMI na haɗawa da talbijin, ya ɗan fi ƙarfi har yana taɓa wasu wasannin Dreamcast da PSP marasa nauyi. Akwai ɗan'uwansa RG35XX SP mai naɗewa irin Advance SP, wanda naɗewar tana kare fuskar daga makulli da ƙurar hunturu. R36S shi ne mafi arha, wajen dala 30 zuwa 40, shi yasa ya cika talla, kuma na gaskiyarsa yana aiki daidai kuɗinsa, sai dai an kwaikwaye shi da yawa, jikin iri ɗaya cikin daban, wanda bai sani ba sai ya ɗauki jabu.

Abu uku nake so ka riƙe game da su duka. Na farko kar tallan ya ruɗe ka da cewa suna buga PSP. Suna buɗe shi dai, amma fuskar PSP mai faɗi ce, a kan wannan 'yar fuskar sai ya zama siriri da baƙi sama da ƙasa rubutu baya karantuwa, manyan wasanni irin God of War kuma sai su riƙa sarƙewa murya tana kakkaryewa. PS2 kuwa kar ma ka sa rai. Na biyu memorin da suke zuwa da shi. Ni nawa na farko da na saya wajen wani mai sayarwa a intanet, wata biyu memorin ya mutu da duk sebin ɗina, abin ya min ciwo sosai dan na yi nisa a wani dogon wasa da nake bugawa kullum da daddare. Ranar da naka ya iso ka kwafe komai a kwamfuta, ka sayi memori mai suna irin SanDisk ko Samsung a wurin da ka yarda da shi, 64GB ya isa har ya yi yawa. Na uku caja, da yawansu ba sa shiri da cajar waya mai saurin caji, ka nemi tsohon kan caja mai 5V da igiyar caja mai babban kan USB a gefe ɗaya, kuma kar ka bar shi cikin mota a rana lokacin bazara, batir baya son wannan zafin namu.

Maganar wasanni dubu 15 kuma, rabinsu maimaici ne, wasu da Japananci, wasu basa tashi. Kuma ko da duk suna yi, yawan ma kansa matsala ne, zaka zauna kana ta gangarawa cikin jerin suna ka buɗe wannan minti biyu ka rufe ka buɗe wancan har lokacin ya ƙare baka buga komai ba. Da muna yara kaset ɗaya muke da shi shi yasa muka haddace shi. Ka zaɓi biyar ka sa a jerin waɗanda ka fi so, kar ka ƙara sai ka gama ɗaya. Sannan gaskiya a faɗe ta, waɗannan wasannin da ake zubawa ba da izinin masu su ake zubawa ba, ita manhajar kwaikwayon halal ce a doka amma kwafin wasan haƙƙin wani ne, wanda wannan ya dame shi yana da hanya.

Hanyar ita ce Nintendo Switch, ko Switch Lite na 2019 da ya fito a dala 200. Da rajistar Nintendo Switch Online ta wajen dala 20 a shekara zaka samu tsofaffin wasannin NES da Super Nintendo da Game Boy, in ka biya mai dala 50 a ƙara maka Sega da N64 da Advance, duka da sebin a ko'ina, yawancinsu har da mayar da wasa baya in ka faɗi. Tsaf yake, babu saitin komai. Sai dai biyan da dala ne duk shekara, dole na'urar ta hau intanet aƙalla sau ɗaya a kwana bakwai, kuma babu PS1 babu PS2, alhali mu nan yawancinmu PlayStation ce ta raine mu.

Wanda kuma zuciyarsa tana kan PS2 ne, ƙananan nan ba nasa ba ne, sai ya hau sama zuwa masu Android irin Retroid Pocket 5, fuska inci 5.5, ya fito a 2024 a kan sama da dala 200 kafin kuɗin kawowa, yana cinye PSP ba tare da wahala ba yana kuma buga da yawa daga wasannin PS2 da GameCube. Amma fanko yake zuwa, kai zaka zauna ka sa komai ka saita, in baka da haƙurin wannan zaka gaji tun kafin ka fara wasa. Steam Deck ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, amma ƙato ne baya shiga aljihu kuma cajinsa baya jimawa a manyan wasanni, da wutarmu sai mai sola.

Akwai abu ɗaya da sai da muka yi nisa da hira da abokin nawa na gane. Da na matsa masa da tambayar wane wasa yake marmari, sai yace bal, Winning Eleven, ya ɗauki Brazil a sa Roberto Carlos a gaba. Kaga wannan ba na'ura yake nema ba, ɗakin nan yake nema mai benci da fanka da mutum goma a bayanka suna ihu. Gem ɗin hannu na mutum ɗaya ne, buga bal da kwamfuta kai kaɗai kwana uku zai gundure ka. In naka marmarin irin wannan ne, ko Mortal Kombat da Tekken da ake yi biyu biyu, to ko dai ka ɗauki mai ramin HDMI ka haɗa da talbijin da hannu biyu, ko kuma mafi sauƙi ka nemi PS2 na hannu wanda har yanzu ana samu kuma masu gyaransa suna nan, ka ajiye a falo ranar Asabar ka kira abokai ko ka zauna da yaranka.

Shi dai a ƙarshe RG35XX H na ce ya ɗauka saboda HDMI ɗin da kuma hannunsa babba ne, ya haɗa da memori mai kyau da hannun gem guda biyu. PSP ɗin nace ya bari sai ya samu mai tsafta a hannun wanda ya sani, ba gaggawa. Ni kuma Miyoo ne a aljihuna, wasa huɗu ne a jerin nawa yanzu, kuma babban ɗana ya riga ya wuce ni a Sonic.